Babana da ya ba teku baya

Ina tsaye a bayan kantar shagon maganin da nake aiki a Mangalore, ƙasar Indiya, lokacin da wayar yayana Sanusi ta shigo daga Illela. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Nasiru, sai haƙuri. Baba ya cika da safe, yanzu munka dawo daga maƙabarta." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na miƙa wa matar da ke gabana maganinta, sannan na nemi kujera.

Mutanen Illela sun san Malam Garba dillalin shanu, kuma ba zan yi musu ƙarya a kansa don ya rasu ba. Mutum ne mai tsauri. Shi ya yanke cewa ni zan tafi Indiya karatu, Sanusi ya zauna kusa da shi, bai tambaye ni ba. Na gama karatun, na ƙi komawa. Na riƙe shi a zuciya shekaru, ina ganin jefar da ni ya yi. Waya ma sai da salla.

Da yanar ido ta rufe masa gani, aka turo min shi a yi masa aiki. Mako biyu muna ɗaki ɗaya, maganarmu ba ta wuce ta magani da abinci ba. Ranar da aka cire bandeji, mai gidan da nake haya, Ramesh, ya zo duba shi. Ya ce za su tafi ziyarar wuraren bautarsu na bakin teku da matarsa da tsohuwarsa, akwai wuri a mota. Na fara ba da uzuri. Baba ya ce, "Mi shika cewa?" Na fassara masa, na ƙara da cewa wurin gumaka ne. Ya ce, "Ni teku zan gani. An buɗe min ido, in koma Illela in ce bango na kallo?"

Muka bi hanya, Udupi, Murudeshwar, har Gokarna. Baba bai taɓa taka ɗakin bautarsu ba, kuma bai taɓa yamutsa fuska ba. In sun shiga, sai ya zauna a ƙofa ya tara takalmansu a gabansa yana gadi, yana jan carbi. Na ce masa akwai masu wannan aikin. Ya ce, "Wanda ya ɗauko ka a motarsa, ba ka bar wa baƙo takalminsa." Kwana uku ba nama, bai yi ƙorafi ba, sai dai da ya ga shanu kwance a kan yashi babu makiyayi, ya zagaya wata yana duba haƙoranta da ƙugunta. Tsohuwar Ramesh ta haɗa hannu, ta ɗauka girmama saniyar yake yi irin na addininsu. Baba ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Wagga da Illela take, da ba ta kai azahar ba."

A Murudeshwar la'asar ta same mu. Ya shimfiɗa rawaninsa a kan yashi, ya sa rana a bayansa yadda ya saba tun yana yaro, ya ba teku baya. Ni ina gefe ina latsa waya. Ramesh ne ya matso da sauri kafin Baba ya yi kabbara, ya taɓa kafaɗarsa, ya nuna masa ruwa. Ya ce Musulmin garinsu duk teku suke kallo.

Baba ya juyo gare ni. Na tabbatar masa: a nan Makka tana yamma. Mako biyu yana fuskantar gabas a ɗakina ban sani ba, domin duk lokacin da ya nemi buta ni fita nake yi. Ya gane, na kuma san ya gane. Na jira faɗan da na sani.

Sai ya juya rawanin. Ya daɗe yana kallon ruwan, ya ce, "To in an wuce Makka, sai ina?" Na ce sai ƙasarmu. Ya ce, "Ashe ɗan da na turo nan, in ya tsaya salla gida shika kallo." Ya matsa gefe ya bar min rabin rawanin. "Je ka yi alwala, ina jiranka."

Na je. Ramesh ya riƙe mana takalma.

Da muka sallame, bai kalle ni ba ya ce, "Na ɗauka alheri na yi maka. In ba shi ba ne, ka yahe min." Ban taɓa jin ya roƙi kowa haka ba. Na ce ni ne zan roƙa. Ya ce, "To mun biya juna," ya miƙe yana kaɗe yashi.

Har yau ban koma gida ba. Kullum sai baɗi, ga shi an binne shi ba da hannuna ba, wannan kuwa laifina ne ni kaɗai. Amma na gode wa Allah da bai ɗauke shi muna yadda muke a da ba, na kuma gode wa Ramesh, wanda ya zauna tare da ni jiya.

Ya Allah ka jiƙan Malam Garba, ka karɓi sallolinsa duka, har waɗanda sakacina ya karkatar, ka ɗora nauyinsu a kaina ba a kansa ba. Ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna haƙuri, ka ƙarfafa Sanusi da ya ɗauki abin da na gudar masa. Ni kuma ka nufe ni da tsayawa a kan kabarinsa kafin damina. Amin.