Faifan da Na Ƙi a Sauya wa Tsari

Aikin akawu na yi a Kazaure har na yi ritaya, kuma ƙa'ida biyu aikin ya bar mini. Ta farko, ba a buɗe sabon aiki sai an rufe na hannu. Ta biyu, takarda ba ta zama a wuri biyu, don kada wata rana a rasa wacce ce ta gaskiya. Da su na riƙe ofis, da su na riƙe gida.

Bayan ritayata Baffa, ƙanin mahaifina, ya aiko a kira ni ƙauyenmu da ke bayan Gwiwa. Shi kaɗai ya rage da ya san iyakokin gonakin gidanmu, kuma tsufa ya kama shi. Na tafi da ƙaramar rikoda. Kwana uku muna zaga gonaki a kan babur, yana faɗa ina ɗauka: daga wannan kuka zuwa waccan ɗorawa, inda layin gamba ya lanƙwasa, wanda ya gada, wanda aka ba aro, da waɗanda suka shaida. Gona goma sha ɗaya.

Da na dawo na juye muryar cikin tsohuwar kwamfutata ta kan tebur, na saurara na tabbatar ta shiga, sannan na goge ta rikodar. Na fara buga bayanin a rubuce, gona bayan gona.

Ina kan ta huɗu babbar 'yata ta zo daga Kano, inda take aikin kwamfuta. Ta ɗan dudduba na'urar ta ce, "Baba, faifan ajiyar kwamfutar nan taka a tsohon tsari yake. Bari in mayar da shi mai rajista."

Na ce, "Wace irin rajista?"

"Irin taku ta ofis. Kafin ya taɓa fayil zai rubuta abin da zai yi, in ya gama ya soke. In aka ɗauke wuta yana tsaka da aiki, da ya tashi zai duba rajistar ya san inda ya tsaya. Wannan kuwa, wuta na tafiya ya manta abin da ke hannunsa."

Maganar ta shige ni, don ta yi kama da aikina. Na tambaye ta matakan. Ta ce uku ne: a kwafe komai a ajiye a wani wuri, a sauya tsarin, a tayar da na'urar a duba. Kafin la'asar an gama.

A matakin farko na tsaya. Kwafi biyu ke nan, kuma ga aiki a buɗe. Na ce, "Sai na gama bugawa."

Ta yi dariya. "Ranka ya daɗe akawu, ita ma wutar sai ka gama za ta ɗauke?"

Na ce mata ba na wasa da aiki. Ta ajiye mini filashin da za a kwafe komai a ciki a kan tebur ta koma Kano. Na sa shi a aljihun tebur na kulle.

Da damina Baffa ya rasu. Bayan na dawo daga zaman makoki, wata safiya na ga fayilolin muryar ba sa bin juna yadda muka bi gonakin. Na yanke shawarar jera su daga gabas zuwa yamma. Ina cikin matsar da su aka ɗauke wuta.

Da aka dawo da ita da azahar, kwamfutar ta daɗe tana bincike, sannan ta buɗe. Sunayen da na sa duk sun ɓace, sai tarin gutsattsari masu lamba. 'Yata ta zo ta yi kwana biyu a kansu, tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya tana saurare. Gona takwas ta tsamo. Uku ba su dawo ba, kuma ba sa cikin waɗanda na buga. Ba ta ce mini ai na faɗa maka ba. Abin da ta ce kawai, "Baba, yanzu in sauya?" Na buɗe aljihun tebur na miƙa mata filashin. Kafin shayina ya huce ta gama.

Na tafi ƙauye da kaina na sami babban ɗan Baffa na faɗa masa.

Ya ce, "Yaya, ai rikodar na nan ko?"

"Na goge."

Ya ce, "Ta fadama na cikin ukun?"

"Tana ciki."

Ita ce wadda muke iyaka da maƙwabta, kuma an sha ja-in-ja a kanta. Ya ce to babu abin da ya rage sai mu je mu ji ta bakinsu. Muka je. Dattijon gidan ya fito da sandarsa, ya nuna daga nan zuwa can, ni kuma na rubuta a takarda. Ɗan Baffa ya juyo ya ce, "Yaya, kai da kake wurin, haka Baba ya faɗa?"

Ina wurin, da kunnena na ji. Amma a ranar idona na kan jar fitilar rikoda, ina duba ko tana ɗauka. Na ce masa ban sani ba. A kan inda dattijon ya nuna aka dasa gamba.