Sarkin Noma a Jikin Buhu

Shekarar da aka naɗa kawuna sarkin noma a ƙauyenmu, kusa da Tsarnawa, ina koyar da Ingilishi a Konni. Rawanin bai yi wata a kansa ba ya aiko a kira ni. Fataken Nijeriya ke sayen wakensa, kuma abin da ke ci masa rai shi ne suna kiransa mai wake, kamar kowane mai wake.

Ya ce, "Ɗiyata, ki rubuta mini sarautag ga da Ingilishi bisa buhunana, su san da wa su ka ciniki."

Na ce, "Kawu, Turawa ba su da wannan sarauta. Kuma laƙabi a wurinsu gaban sunan mutum yake zama, a takarda, ba a jikin kaya ba."

"To ina amfanin makarantar lakwal da munka sa ki?"

Maganar ta ƙona ni. Na yi kwana uku ina tonon ƙamus, na haɗo kalmomi huɗu masu nauyi waɗanda ko Baturen zai yi tuntuɓe a kansu, na zana su da jan fenti a kowane buhu. Kawu bai iya karatu ba, amma ya ce rubutun yana da kwarjini.

Abin da ni da bokona muka manta shi ne buhu a wurinmu ba ya mutuwa. A juye wake a Sakkwato, a sayar da buhun, ya dawo hannun wani manomi. Da kaka ta zagayo, wani falke ya tare Kawu a tsakiyar kasuwar Konni, ya farke buhu gaban jama'a: sama ƙwari, ƙasa tsakuwa, ga jan rubutuna ɓaro-ɓaro. Kawu ya rantse har muryarsa ta dushe cewa ba wakensa ba ne.

Daga nan ya shiga farautar buhunansa kasuwa-kasuwa. Ya sami ɗaya ƙarƙashin akumarin jaki a Bazaga, ɗaya kuma labule ne a ƙofar makewayi. Yaran gari suka sake masa naɗi, ya koma sarkin buhu. Na yi dariya a ɓoye, daga baya kunya ta kama ni.

Ranar da na je ba shi haƙuri na tarar yana ƙona buhunan a bayan rumbu.

Ya ce, "Ba laifinki ba na, ɗiyata. Sa'ad da su ka ce mini mai wake, ba wanda yat taɓa kwance buhuna shi duba. Yanzu kowa sai ya zura hannu har gindi."