Gidan Inna a Katako Biyu

Kiran sallar asuba a mota ya same mu, mun nufi filin jirgi. Umara ta fitar da mu, ni da abokan aiki biyu, amma ni da wani saƙo daban a wuyana. A unguwar Tandabawi ta Makka aka haifi Innata, aure ya kawo ta Kano, ciwon ƙafa ya hana ta komawa. Gidansu an rushe shi tuntuni, ko hoto babu. Da na je sallama ta riƙe hannuna ta ce, "Ka ce wa Yaya ya cika min alkawari. Ina so in ga gidanmu kafin idon nan ya ƙarasa."

Daga Jidda titi ne shimfiɗe sumul, baƙaƙen duwatsu dama da hagu. Direbanmu Bahaushe ne haifaffen can, Hausarsa rabi Larabci. Ɗaya daga cikin abokan, wanda ya rantse zai yi ta talbiyya har Harami, tun kafin rabin hanya ya soma minshari.

Da muka gama ibada na haura Tandabawi. Lunguna ne masu hawa kamar za su kai ka sama, ga ƙamshin gurasar tamis da waken ful, ga Sakkwatanci da Kananci suna tashi ta tagogi. Shayi kuwa ya yi tsada, amma ya sha na'ana'a, na yafe musu.

Kawu, yayan Inna, ya tsufa ƙwarai. A da sana'arsa sassaƙa katako yana buga hoton Harami alhazai na saye tsaraba, har injina suka kashe kasuwar. Ba ya zana mai rai, sai gini da dutse. Hoto ɗaya katako uku yake ci: na farko launi mai haske, na biyu inuwa, na uku baƙin layi mai fitar da ƙofa da taga. Inda rana ta haska, farin takardar ake bari. Ni malamin zane ne, kullum ina gaya wa ɗalibai haka masassaƙan Italiya suka yi shekaru ɗari biyar baya, suna kiransa kiyaroskuro, wato haske da duhu. Da na faɗa wa Kawu ya yi dariya ya ce, "Tayyib, ashe ina da dangi a can."

Ya jawo katakan hoton gidansu, wanda ya yi wa Inna alkawari, daga ƙarƙashin gado. Innalillahi! Na ukun, mai layuka, zafi ya tsaga shi gida biyu, idon Kawu kuma ba zai iya sake wani ba. Na haɗa shi da gam muka gwada, sai farin tsagi ya ratsa ƙofar daga sama har ƙasa. Raina ya ɓaci sosai. Me zan kai wa tsohuwa?

"Halas, ya waladi," in ji shi, wato shi ke nan, ɗana. "Mu buga biyun."

Shi ya haɗa tawada, ni na daidaita takarda a kan alamar kusurwa, don in ta goce ko kaɗan aikin ya lalace. Muka buga ruwan ƙasa mai haske, muka jira ya bushe, muka ɗora mai duhu, ina murzawa da bayan cokalin katako har gumi na ɗiga. Abin da ya fito ba ƙofa ba taga. Bango ne a rana, da wata inuwa a karkace. Gaskiya ban ga gida ba. Haka na sa shi tsakanin kwali biyu, abokaina na ta fama da dabino da zamzam, ni ina rungume da shi har jirgi.

Mun sauka Kano lafiya. Ban ko shiga gidana ba na wuce wajen Inna. Ta karɓa, ta juya wajen haske, ta kawo takardar dab da fuska. Can yatsanta ya sauka a kan duhun nan.

"Nan ne," ta ce. "Bayan la'asar inuwar gidan maƙwabta nan take faɗowa. Nan mahaifiyarmu ke shimfiɗa tabarma ta yi mana kitso."

Na sha koyar da cewa layi ne ƙashin zane. Tafiyar nan ta nuna min wanda ya zauna a gida, inda yake fakewa daga rana yake riƙewa. Inna ta share hawaye da gefen mayafi ta ce in kira mata Yaya. Har suka gama wayar ba ta tambayi ƙofar ba.