Shirun Wayar Kawu Ɗantani

Garzali ɗan garin Achika ne, amma a ɗakin kwamfuta na jami'ar Wudil yake aiki. Ba shi da yawan magana. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, kawunsa Ɗantani ya riƙe shi, kuma da shinkafar fadama ya yi masa makaranta. Shi ya sa da hannunsa ya faɗa a sana'a, aikinsa na farko don Kawu ya yi shi. Ya dasa na'urar auna ruwa can sama da gari, ya haɗa ta da wani shafin intanet da zai sa wayar manomi ta yi ƙara idan kogi ya fara cikowa.

Hanyoyi biyu ne a gabansa na isar da saƙon daga saba, wato babbar kwamfutar da ke tara labarin, zuwa waya. A ta farko, wadda ake kira long polling, waya ce ke yin sallama a ƙofar saba, ta tsaya jira har a ba ta labari ko jiran ya ƙare, sannan ta sake sallama. A ta biyu, websocket, sau ɗaya ake buɗe ƙofar a bar ta, labari ya riƙa shigowa da kansa. Da ya gwada su a ofis, ta biyun ta fi sauri, ba ta cin data, ba ta gajiyar da saba, sai ya zaɓe ta.

Abokiyar aikinsa Patience ta leƙo ta ce, "Malam Garzali, wannan gwajin ƙarƙashin fanka ne. Ka kai shi fadama tukuna."

"Haba Madam, sai ka ce wata duniya ce fadamar."

Bai gwada shi a can ba, haka ya miƙa wa Kawu.

Kawu ya karɓi abin hannu bibbiyu. Kullum da safe sai ya buɗe shafin, ya rataye wayar a reshen marke, ya shiga yanka. Yakan ce wa maƙwabtan gona, "In ta yi shiru, lafiya ke nan."

Sabis ɗin fadama kuwa zuwa yake yana ɗaukewa. Ranar da abin ya faru, ya ɗauke da hantsi. Da ya dawo, layin da ke tsakanin waya da saba ya riga ya mutu, wayar ba ta sani ba, shafin ya ci gaba da nuna kore, alamar lafiya lau. Saba ta yi ta turo gargaɗi, ba inda ya sauka. Bayan la'asar ruwa ya shigo, ya kwashe shinkafar da aka yanke aka tara, noman shekara guda.

Kawu bai yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ci wa Garzali rai. Cewa kawai ya yi, "Allah ya bayar, ya karɓa. Amma ɗan nan, ita wayar ba ta ce komai ba."

Garzali ya daɗe yana juya maganar. Hanyar farko da ya raina, da ita ya sa, da ta gane: mai yawan sallama shi ke sanin ba a amsa ba. Bai yar da websocket ba, gaisuwa ya koya mata. Jifa-jifa waya da saba sai sun gaisa, in ba a amsa ba, waya ta koma long polling, in wannan ma ya ƙi, shafin ya yi ja, muryar Garzali ta fito: "Kawu, ban ji daga kogi ba. Je ka duba da idonka." A fadama ya gwada shi wannan karon, laka har gwiwa.

Da kaka ta zagayo ya kai wa Kawu wayar, bai san ko za a karɓa ba. Kawu ya juya ta a hannu, sannan ya rataye ta a reshen nan.

Sau da yawa muryar takan sa dattijon ya ajiye lauje ya gangara bakin ruwa, ya tarar ba komai. Wani maƙwabci ya ce, "Malam Ɗantani, wannan aba tana wahalar da kai."

Kawu ya ɗauki laujensa ya ce, "Bar ta. Yanzu in ba ta sani ba, takan faɗa."