Gwaggo Mai Buroshi Ta Sauko Daga Tsani

Ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa riskar Gwaggo Mai Buroshi a gida ba. Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar zauren wasan kwaikwayo, ta riga ta zagaya baya, zuwa ɗakin nan mai warin fenti da garin katako. Sai ta ɗaura zanen aikinta, wanda shi kansa ya manta asalin launinsa, ta jera gwangwanaye, ta tsaya gaban farin yadin da kafinta ya kafa mata, tana kallonsa kamar mai jiran ya gaishe ta. Shekara talatin da huɗu ke nan. Duk kasuwa, ko kogi, ko falon attajiri da kuka gani a bayan 'yan wasa, daga hannunta ya fito.

Hannun kuwa ba na wasa ba ne. Ta taɓa zana ƙofa a jikin katako, har da sakata da tsatsarta. Sabon darakta ya taho da saurinsa zai wuce, goshi ya riga hannu isa. Daga saman tsani Gwaggo ta leƙo ta ce, "Sannu, ranka ya daɗe. Ai ban gama zana makullin ba." Har yau in an tuna, daraktan ne kan fara dariya.

Amma labarin da ma'aikatan zauren suka fi bayarwa shi ne na Dattijo, tsohon ɗan wasan da idanunsa suka fara dusashewa ana shirin wasansa na ƙarshe. A wajen gwaji sau biyu yana karo da kujera, rannan kuma saura ƙiris ya faɗo daga dandamali. Darakta ya ce ba yadda za a yi, sai dai a sa wani a madadinsa. Gwaggo ta iske shi bayan labule, ya haɗa kai da gwiwa.

Ta ce, "Yaya, wane launi kake gani sosai?"

Ya ce, "Rawaya kaɗai, ƙanwata. Saura duk dishi-dishi."

Ta je ta roƙi darakta kwana uku. A cikinsu ta sake fasalin dandamalin kakaf. Ta mai da kujeru gefe, ta sa kafinta ya kafa dogon kanta da Dattijo zai riƙa dafawa, ta zana darduma mai ratsin rawaya a ƙasa tun daga ƙofa har inda zai tsaya, bakin dandamali kuma ta jera masa furanni rawaya. Ranar wasa Dattijo ya yi ta takawa kamar saurayi. 'Yan kallo suka miƙe suna tafi, ba wanda ya san dardumar nan hanya ce.

Da aka tashi bai tsaya gaisawa da kowa ba. Ɗakin fenti ya nufa, ya tsaya a bakin ƙofa. Gwaggo ta ce, "Matsa mana, Yaya, ka tare min haske," tana goge ido da gefen mayafi.

Ke ce, Gwaggo, mai fito da rana a cikin rufaffen ɗaki. Ke ce kika zana fuskar mai shara da ta mai gadi, kika rataye su a farfajiyar zauren, daidai inda ake rataye hotunan manya. Mata shida kika koya wa haɗa launi, yau kowacce da wurin aikinta.

Makon jiya gwiwoyi suka ce hawan tsani ya isa haka. A taron sallama aka tambaye ta me za ta yi yanzu, ta ce, "Falona zan yi wa fenti." Maigidanta, tsohon direba, ya ɗaga hannu sama: "Alhamdu lillahi, layi ya zo kanmu! Tun muna da 'ya ɗaya take ce min gobe. Yanzu jikokinmu tara." Zauren ya kaure da dariya, ita ma har da hawaye.

Mun gode, Gwaggo. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ki ci moriyar hutunki. Mu kuma da muka rage a bakin aiki, kafin mu ce wani ya gaza, mu fara zama kusa da shi mu tambaye shi abin da yake iya gani.