Tawadar Allah a Ƙeyar Babana

Babana bai taɓa son wata halitta kamar barewar da wani makiyayi daga yankin Alakos ya ba shi ba. Mu 'ya'yansa ma albarka. Tabarma ɗaya suke kwana, in zai tafi garka tana biye da shi. Inna ta ce dabbar daji kaska gare ta, kaska kuwa tana sa wa mutum ciwo. Ya ce barewarsa ta fi mu wanka.

Lokacin na zo gida Gure wankan jego. Wata safiya na kai masa kunu, sai ya yi ƙasa da murya.

"Tawadar Allah ta fito mini a ƙeya. Alamar arziki ce, kullum ƙara girma take."

"Baba, mu gani."

"Ke! So kike ki yi mini baki?"

Ya naɗe ta da rawani, ko Inna bai nuna wa ba. Bini-bini ya zura yatsa ya shafa, ya yi murmushi shi kaɗai. Daga ƙwayar gero ta kai ƙwayar wake. Har ya fara zaɓen inda zai ɗaure raƙuman da bai samu ba.

Ana haka zazzaɓi ya kayar da shi. Jiki zau, kai kamar zai tsage, ya dube ni ya tambayi Inna wace ce wannan. Nan dariya ta ƙare mini, wallahi na tsorata. Muka aza shi a amalanke sai asibiti.

Majo, babban malamin asibitin, ya ce a cire rawani. Baba ya riƙe gam da hannu biyu. Inna ta fizge. Majo ya leƙa, ya ɗauko hantsaki, ya ciro abin a hankali.

"Baba, arzikinka ƙafa takwas gare shi."

Kaska ce, ta sha jini ta yi tim! Majo ya ce cutar da ta kwaso a jikin dabba ta zuba masa, da mun ƙara kwana biyu da sai dai wani zancen. Ya ba da magani, ya ce barewa ta bar gidan.

Baba ya warke. Shi da kansa ya ja barewar ya mayar wa makiyayin, ya dawo bai taɓa tuwo ba.

Inna, da ba ta barin ta kwana, ta ce, "To Malam, ina arzikin?"

Ya daɗe yana kallon gefen tabarmarsa.

"Na mayar da shi Alakos," in ji shi.