Ranar da Aka Yi wa Inna Gaisuwa

Lokacin da nake koyarwa a elementare, zamanin Turawa, hedimastanmu wani mutumin Rabah ne, gajere, mai son waƙa kamar ransa. A wurinsa duk abin da ba a rera ba bai shiga kan yaro ba. Biyu sau biyu waƙa, sunayen koguna waƙa, har wanke hannu kafin cin tuwo sai da ya yi masa amshi. Ban ga laifinsa ba, don dabarar tana ci. Illarta ɗaya ce, waƙa ba ta tsayawa a aji. Abin da aka rera da hantsi, kafin la'asar ya kai bakin rijiya, ya shiga kowane zaure a Wurno.

A littafin tarihi na 'yan aji huɗu akwai wani ɗan darasi a kan Satiru, bai cika rabin shafi ba. Abin da ke ciki shi ne wasu mutane sun yi tawaye, aka tura musu runduna, aka hukunta su, ƙasa ta zauna lafiya. Shekarar da aka ba ni ajin, hedimasta ya zauna ya yi wa wannan darasi kari mai daɗi, har da wurin tafi.

Inna, mahaifiyata, 'yar garin Satiru ce. Tana yarinya aka yi abin. Aka kashe mazan garin, aka koro mata da yara zuwa Sakkwato, aka rarraba su gidaje. Ita ta faɗo wani gidan malamai a Wurno, inda daga baya mahaifina ya sa ta ɗaka. Garin kuwa aka rushe shi, aka yi masa baki, kada wani ya sake gini ko noma a wurin, har mutane suka daina kama sunansa. Sau ɗaya ta gaya mini wannan, lokacin da zan yi aure, a taƙaice kamar mai ba da saƙon cefane. Maƙwabta sun san kawo ta aka yi, amma ba wanda ya taɓa tambayar daga ina.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ɗana babba yana cikin ajin. Shi da Inna ba sa rabuwa. Ita tana ce masa maigidan da ba ya cefane, shi yana ce mata tsohuwar amarya, kuma duk waƙar da ya ɗauko a makaranta a kanta yake juye ta, tana dakan ganyen albasa tana dunƙula gabu, yana zagaya turmin yana tafi. Na yi rantsuwa a raina ba za ta ji kashe danginta a bakin jikanta da tafi ba.

Na sami hedimasta na ce a tsallake darasin. Ya tambayi dalili, ni kuwa ba ni da dalilin da zan iya faɗa. Ya ce Baturen makaranta yakan yi tambaya daga nan idan ya zo dubawa. Zuciya ta ɗebe ni, na ce masa shi da za a bar shi, jana'iza ma sai ya yi mata amshi. Muka kwana biyu ba ma ga maciji. Na koma shirin tura ɗan nawa garin Taloka wurin kawunsa har makon darasin ya wuce, ina ganin na yi dabara. Ashe hedimasta bai iya riƙe sabuwar waƙa a ciki ba, ya riga ya ɗanɗana wa manyan yara amshin a filin makaranta.

Ran nan na dawo da azahar na tarar da Inna tsaye gaban turmi, hannuwanta kore shar da ganyen albasa, taɓarya a jingine. A bayan katanga yaran maƙwabta suna rera amshin, suna tafi, suna tsalle. Ni ɗan farinta ne, ba ta kama sunana, ba ta ma cika duban idona ba. Ranar ma turmin ta duba.

"Wagga waƙa, ku kunka koya musu ita?"

Na ce ta hedimasta ce, kuma ina nan ina ƙoƙarin hana ta. Ta tambayi abin da littafin ya ce, na faɗa mata duka, tunda ba shi da yawa. Ta tambaya ko an ambaci waɗanda aka kashe. Na ce ba a ambata ba.

"Ni ban ce a ɓoye ba," in ji ta. "Abin da anka yi, an yi shi, su sani. Amma mamaci ba a yi mai tahi. Tun da anka kawo ni garin ga, ba wanda yat taɓa ce man ya haƙuri."

Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da daka. Na shiga ɗaki na zauna, baƙin ciki ya cika ni. A garin nan akuya ta mutu sai an jajanta wa mai ita, ga mace ta rasa gidansu kaf, ta shekara arba'in da wani abu ba a yi mata gaisuwa ba. Na fasa tura yaron Taloka.

Ranar darasin na ce yara su bar bencina su fito gindin tsamiya, su cire takalma, masu shi ke nan, su zauna a ƙasa yadda ake zaman makoki. Na hana tafi. Na karanta musu rabin shafin nan kamar yadda aka umarce ni, sannan na rufe littafin na ce a cikin garin akwai manoma, da mata masu daka, da yara sa'o'insu. Na faɗa musu abin da aka yi wa mazan da abin da aka yi wa matan, na ce wasunsu suna nan da rai, wasu ma ba su yi nisa da mu ba. Wani yaro daga Lahodu ya tambaya ko ba miyagu ba ne. Na ce akwai waɗanda suka ɗauki gatari suka yi faɗa, wannan gaskiya ne, amma ɗan goye bai yi wa kowa tawaye ba. Daga nan muka karanta Ƙulhuwallahu, muka ɗaga hannu.

Muna cikin addu'a na hango hedimasta yana tahowa, na ce yau akwai ta. Ya tsaya ya dube mu, sai ya tuɓe takalmansa ya zauna a gefe, aka shafa fatiha da shi. Da aka tashi abin da ya ce mini kawai, idan Bature ya yi tambaya yara su ba shi amsar littafi. Na ce na ji. Waƙar ta ɗan ƙara yawo a unguwa, sannan wata ta zo ta ture ta.

Ban ambaci Inna a gindin tsamiyar ba, ko da ishara. Amma ɗana ba sakarai ba ne. Ya san kakar kowa tana da garinsu, tana da masu zuwa mata da salla, tasa ce kawai ba ta da kowa sai mu.

Muka dawo gida tare. Shi da yakan faɗa gida da gudu ya wawuri gabu ya jefi Inna da shi, ranar sai ya tsaya ya yi sallama, ya ajiye allonsa, ya je gabanta ya durƙusa.

"Kaka, ya haƙuri? Allah shi jiƙan su."

Inna ta ƙara luguden taɓarya kaɗan, kamar ba ta ji ba. Sannan ta jingine ta, ta goge hannu a zanenta, ta jawo mayafi ta rufe kai, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa yadda mata suke zama idan ana yi musu ta'aziyya.

"Da godiya," ta ce. "Allah shi ba da lada. Babana na, da yayyena biyu, da ƙanena da ag goye."

Ta juya wajen matata, wadda ta fito daga madafa ta yi tsaye, ta ce ta kawo wa baƙo ruwa, mai gaisuwa ba a barin shi ya tashi haka nan.